Mashigin Na Allah

Rahina tana tankaɗe sai ga Gambo mai kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida, ko mashin bai kashe ba.

"Rahina, tsohonki ya sauka bakin hanya. Na ce in kawo shi, ya ƙiya. Wai ta tabki za shi yanke, ruwan iya gwiwa na."

Rariya ta suɓuce daga hannunta.

Ubanta, Malam Na Allah, ya yi rani duka a Maradi wajen maganin ido, kuma idon bai gyaru ba. Bai san furoje, wato aikin gyaran tabki, ta zo ba. Ma'aikatan gandun daji sun tara gari, suka ce tabkin na mutuwa, ƙasa kuwa ta yi wa duniya alkawarin raya irinsa. Aka sare ciyawar kacalla, aka yashe rairayi. Daidai mashigin da tsohon yake bi tun yana saurayi, nan aka haƙa mafi zurfi. Rahina da kanta ta yi dakon ƙasar wurin, ta ga ƙato ya shige ramin har kansa ya ɓace. Yanzu damina ta shafe komai, ruwa ya kwanta lumui kamar tabarma.

Ta zura da gudu ta cikin gona ba takalmi. Gero ya fi ta tsawo, ganyensa na yankar fuska.  Ta san halin ubanta sarai: mutumin da ko likita bai isa ya nuna masa hanya ba, balle Gambo.

Ta fito bakin ruwa ta hango shi can tsallake. Ya riga ya shiga, takalma a kai, riga a naɗe, sanda a gaba. Taki kaɗan ya rage ya kai ramin.

"Baba! Baba, tsaya!"

Iska ta maido mata da muryarta. Ya ƙara taki ɗaya. 

Sai ya tsaya cak, ya karkata kunne. Wani garken tsuntsaye ya sauka tsakiyar tabkin yana fito. Tsohon ya daɗe a haka, sannan ya ja da baya a hankali.

Da ta zagayo ta same shi zaune a gaɓa.

"Ɗiyata, kirinjijiya nika ji? Rabona da su tun uwarki na da rai." Ya share ido da bakin riga. "Waɗanga ba su sauka ruwan iya gwiwa. Wa ya taɓa mini tabki?"