Motar da Ta Tare Ƙofa

Sandunan sifirin na mota guda biyu a naɗe cikin buhu. Robobi huɗu. Gwangwanin giris. Kwalbar maganin ciwo. Abin da na rungumo ke nan a bayan tasi lokacin da Gwaggo ta sake kirana.

"Injiniya, kana ina? Yau ko ruwa bai sha ba."

"Ga ni nan a hanya."

Gwaggo matar maƙwabcina ce, Baba Direba. Motarsa ta girme ni. Bara waccan sandar sifirin ta bayanta ta karye, ya ɗaga ta, ya kwance ƙafafun baya, ya ɗora ta kan bulo a gareji. Kafin ya samo wata sandar, ciwo ya kayar da shi. Garejin nan kuwa shi ne kaɗai hanyar shiga gidansu. Sai mutum ya karkace, ya goga bango, sannan ya wuce.

Likita ya riga ya sallamo shi gida. Kowa ya san ma'anar haka. Gwaggo ta faɗa mini ido a bushe:

"Mai rai ma da ƙyar yake ratsawa. Ranar da Allah ya yi ikonsa, ta ina za a fita da shi? Ta kan katanga, kamar ɓarawo?"

Ɗansu ya ce a kira masu yankan ƙarfe su daddatsa ta. Baba ya ji, ya juya fuska bango, ya daina magana da kowa. Shi ya sa na tafi neman sanduna.

Tagar ɗakinsa tana kallon garejin. Da ya ji ƙarar jak, sai ya sa aka jingina shi da filo.

"Duba alama, yaro. Ta hagu daban, ta dama daban. Ka musanya su, su karye."

"Na gani, Baba."

"Can inda ka yi karatu ana irin wannan?"

"Can ba a gyarawa. Jefarwa ake yi."

"Har da tsofaffi?"

Na jawo gwangwanin. Na shafe sandunan da giris, na zura kowace a gidanta. Bakin kowace sanda haƙora ne. Ka matsa haƙori ɗaya, bayan mota ya tashi ko ya sauka. Na ɗaura ƙafafun, na sauke ta, na danna ta sau da yawa har ta zauna. Na auna daga ƙasa zuwa ƙarfen da ke saman taya. Hagu da dama, daidai.

"Ɗaga hagu," in ji shi. "Haƙori ɗaya."

"Ai ta daidaita."

"Don ba kowa ciki. Nan Tsohuwa take zama."

Gwaggo ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ka ji marar ta-ido! Ƙafa ɗaya a kabari, yana auna ni!"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na dubi agogo, na dubi yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka. Raina bai so ba. Na sake kwancewa.

Da na gama, Gwaggo ta goge hannu a zane, ta shiga baya ta zauna tana mita. Motar ta yi ƙasa kaɗan, ta tsaya cak, hagu da dama daidai.

"To," in ji Baba. Ya nemi ruwa.

Batir ya mutu tuntuni, saboda haka ni da telan unguwarmu da mai shagon kusurwa muka tura ta waje. Haske ya shigo tsakar gidan har bakin ɗakinsa.

Washegari da hantsi Baba ya cika, cikin barci. Gwaggo ta rufe masa ido, ta yi ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Ya huta."

Aka fito da shi a miƙe, ta tsakiyar ƙofa. Kafaɗar kowa ba ta taɓa bango ba.

Bayan an watse, Gwaggo ta miƙo mini makulli. "Ajiye ta a wajenka. Ƙofata ta sha toshewa."

Ni da ɗanta muka tura ta cikin garejina. Ya ja baya, ya ƙura mata ido.

"Yaya, ai a karkace take. Sai ka gyara."

Na ja ƙofar, na sa kwaɗo.

"Haka za ta zauna."