Sittin Ko Ɗari Biyu da Arba'in

Dogo ya juya wa allon kwamfutar baya kamar yadda aka umarce shi, yana jin ƙas-ƙas ɗin maɓallai.

Sati uku ke nan da ya kawo sabon allon nan gida, ya hana kowa sakat. A cewarsa, tsohon sau sittin kacal yake sabunta hoto a daƙiƙa, wannan kuwa sau ɗari biyu da arba'in, wasan tseren mota a kansa sai ka ce ruwa ke gudu. Matarsa, wadda aka ɗage mata sayen firji saboda shi, ko tsayawa kallonsa ba ta taɓa yi ba. Ta ce duk kanwar ja ce. Da musu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta kirawo yayanta mai gyaran kwamfuta ya raba gardama. Aka yi sharaɗi: in Dogo ya kasa bambancewa, allo zai koma shago.

"Juyo," in ji yayan. "A nawa na sa shi?"

Dogo ya ƙanƙance ido, ya ja linzamin kwamfutar hagu da dama. "Haba Yaya, ai ko makaho ya san ɗari biyu da arba'in ne."

"Sittin ne."

"Hasken taga ne ya dame ni."

Aka saki labule. Sau goma ana canzawa, huɗu kawai ya canka daidai. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Magana ta ƙare," in ji matar. "Ina kwalinsa?"

"To ke gwada mana, tunda kin iya baki!"

Ta goge hannu, ta zauna a yatsine, aka kunna mata wasan. "Wannan ɗingishi yake." Aka canza. "Wannan kuma..." Ta matso kusa da allon. "Kai! Wannan sulɓi gare shi."

Goma cikin goma ta ci. Yayan ya cire tabarau yana kallon ƙanwarsa.

Dogo ya rasa ko murna zai yi ko kunya zai ji. Amma alkawari kaya ne. Ya janyo kwalin daga ƙarƙashin gado, ya tsaya jiran ta tashi. Motarta a wasan ta riga ta wuce motoci uku, tana neman ta huɗu.

"In cire wayar allon?" ya tambaya a sanyaye.

"Kar ka kuskura," ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Je ka leƙa mini tukunyar nan, ina jin ƙauri."