Wutar Tanderun Metir Fulbert

"Kar ki bari ta mutu, Hajja!"

Kaltumi ta yi cak a bakin ƙofa. Nishin da ta jiyo ta katanga ne ya fito da ita. Metir Fulbert, tsohon malamin makaranta, na zaune dirshan a ƙasa, dafe da ƙirji, gumi ya jiƙe masa riga. Shekara ashirin suna maƙwabtaka a Garoua, amma ba ta taɓa taka tsakar gidansa ba, don yayanta Abdulbaƙi ya sha ce mata gidan gumaka ne. Ga su kuwa a jere, masunta da mata masu daka, duk na yumɓu.

"Wa za ta mutu?"

"Wutar." Ya nuna tanderu. "Saura awa biyar. In zafin ya sauka, aikin zai tsage."

"Asibiti za ka, Metir!"

Shekara talatin ya yi yana koya wa 'yan makaranta sarrafa yumɓu, har hannunsa ya soma rawa. Wannan aikin kaɗai wata takwas ya ci masa.

"Siffar Angèle ce a ciki," ya ce da ƙyar. Matarsa ke nan da ta rasu bara. "Fuskarta ta fara ɓace mini."

Kaltumi ta ƙwala wa Georges mai taksi kira. Suka ciccibi tsohon, ya riƙe ƙofar mota gam.

"Sai kin ce to."

"To! Na ce to!"

"Itace uku-uku. Kar ki buɗe sai jibi."

Motar ta tashi. Ta ɗaure gyale a ƙugu ta hau zuba itace, wuta na lasar mata fuska. Hadari ya taso daga wajen kogi, ta jawo tabarma ta rufe itacen. Abdulbaƙi ya leƙo, rai a ɓace.

"Me kike yi a gidan nan? Fito!"

"Amana aka ba ni, Yaya," ta ce, ba ta ko waiwaya ba.

Da la'asar waya ta yi ƙara. Irène ce, 'yar Metir, ta taso daga Lagdo ta wuce asibiti.

"Mama Hajja, Papa ya tafi."

Kaltumi ta ajiye wayar. Ta yi salati, ta share ido da gefen zani. Saura awa ɗaya. Ta ɗauki itace uku ta tura.

Gab da magariba Irène ta shigo, takalma a hannu. Suka zauna a dakali kafaɗa da kafaɗa, yayyafi na sauka a kan bulon tanderun yana tashi tururi.