Inci Ukun da Ba a Rubuta Ba

Laifin Hambali tela guda ɗaya ne, kuma shi ya jawo masa duk abin da ya biyo baya: a ganinsa, in dai katangarku ɗaya da mutum, to ka fi ƙarfin bin layi a wurinsa. Da wannan tunani ya hau wani bene a Sabon Gari ranar wata Laraba da hantsi, yana haki, littafin awonsa a hammata.

"Kyari, shekara ashirin da shida muna gaisawa a ƙofa ɗaya. Yau ni za ka ce wa in jira?"

Malam Kyari ya ɗago kai daga kwamfuta, ya turo masa kujera. Babarbare ne, amma kakansa ma a Fagge aka binne shi. Da gyaran kwamfuta ya fara, daga baya suka haɗa kai da Chidinma, 'yar Cyprian mai sayar da kayan keken ɗinki, suka ƙirƙiro wata manhajar waya da teloli ke ajiye awon mutane da ranar karɓar kaya a ciki. Kamfanin ke nan gaba ɗaya: mutum biyu, ɗaki ɗaya, da fanka mai ƙara.

"Zauna ka huta tukuna," in ji Kyari. "Kai ne na arba'in da ɗaya. Tela huɗu muke ɗauka a wata. Ka lissafa da kanka."

"Na buɗe shago na biyu a Kwaciri, littafi kuwa ɗaya ne. Raba shi zan yi da almakashi?"

Chidinma ta yi dariya daga bayan teburinta. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ba ta da gyara. "Baba Hambali, ka yi haƙuri. Ƙanwar mamata, Agnes, mai ɗinkin mata, shekara guda ta yi a layin nan. Har miya ta daina aiko min."

Ba Hambali kaɗai ke jin haushinsu ba. Waɗanda suka shiga suna ƙorafi a ƙara musu wurin hotuna, a ƙara musu kaza da kaza. Waɗanda ba su shiga ba suna zagi a majalisa. Wani mai kuɗi ya taɓa tasowa daga Abuja ya ce zai zuba jari a kai abin ga tela dubu goma cikin shekara guda. Kyari ya sayo masa lemo mai sanyi, ya rako shi har bakin mota, magana ta ƙare a nan. Dalilinsu kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kafin su ɗauki tela, sai ɗayansu ya je ya zauna a shagonsa kwana uku, yana kallon yadda yake riƙe tef ɗin awo, da yadda yake rubutawa, da yadda yake yanka. Sannan a gyara manhajar ta dace da hannunsa.

"Ba tela biyu da ke awo iri ɗaya a garin nan," Kyari ya ce masa. "In muka zama dubu goma, ranar jajiberin Sallah ka buga waya, wanda zai ɗaga bai san ka ba, bai san shagonka ba. Ni ba zan sayar wa mutane abin da ba zan iya tsaya masa ba."

"To ka sa ni gaba mana. Wa zai sani?"

"Mutum arba'in ɗin da ke gabanka ba su sani ba. Ni na sani."

Hambali ya miƙe, ko sallama bai yi ba. Daga ranar ya ɗauke gaisuwa. In sun haɗu a masallacin unguwa sai ya sake sahu. Mutum mai furfura a gemu, ya riƙa yin abin da ko yara aka kama suna yi sai an ja musu kunne.

Ya samo wata manhajar ta wani babban kamfani, wadda ba layi ba tambaya, ka latsa ka shiga. Ya kwashe mako biyu yana zuba awon kwastomominsa a ciki, ya miƙa waya ga Bahauddeen, telan da ya ɗauka ya riƙe masa shagon Kwaciri, ya ce ga awon kowa nan a waya, ya yi ta yanka. A majalisa har yana cewa Babarbare ya jiƙa layinsa ya sha.

A cikin watannin ne aka fara ganin adaidaita sahu na tsayawa a ƙofar gidan Kyari duk Litinin da Alhamis. Ciwon ƙoda ne ya kama Kyari, ana kai shi asibiti wankin ƙoda. Hambali yana gani daga bakin shagonsa: yadda Hajiya Zaituna, matar Kyari, ke riƙe masa hannu ya shiga, yadda rigarsa ke ƙara yi masa yawa mako bayan mako. Ido na tela ba ya kuskure irin wannan. Sai ya sunkuyar da kai ya ƙara taka keke. Kullum yana cewa gobe zai leƙa, goben kuma tana zuwa da nata uzurin.

Saura kwana shida Babbar Sallah, wani Alhaji daga Kasuwar Singa ya shigo shagon Hambali na Fagge sanye da sabon kaftani, hannayensa a buɗe kamar wanda aka ɗaura wa sanda a baya. Maɓalli ya ƙi haɗuwa. Kafin la'asar mutum uku sun biyo bayansa.

Bahauddeen ya zo da wayar a hannu. "Oga, ƙirji arba'in da biyu ka rubuta, arba'in da biyu na yanka."

Hambali ya zauna a kan benci. Shi tun yana koyon ɗinki awon jiki tsurarsa yake rubutawa, sai ya zo yanka ya ƙara inci uku a ransa don riga ta sake. Shekara talatin yana yin haka, har ya manta yana yi. Bahauddeen kuwa, inda ya koya, abin da aka rubuta shi ake yankawa. Manhajar ba ta tambayi kowa ba. Hambali ya buga lambar kamfanin, wata murya ta yi masa kiɗa na tsawon minti goma. Shaddar da aka yanka ta yi kaɗan kuma ba ta komawa.

Bayan Sallah da kwana biyu, da yamma, ya ɗauki ɗaya daga cikin rigunan ya yi sallama a gidan Kyari. Hajiya Zaituna ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Malam Hambali, ashe kana gari? Mun ɗauka ka yi ƙaura."

Ya gaishe ta. Ta ɗaga masa labule.

Kyari na kwance a kan katifa a ƙasa, ƙafafunsa sun kumbura, fuskarsa ta faɗa. Chidinma na zaune a kan tabarma da kwamfuta a cinya, yana faɗa mata halin kowane tela tana rubutawa: wane daga ƙeya yake fara awon hannu, wane da ajami yake rubutu, wane ba ya ɗaga waya sai bayan azahar.

Hambali ya durƙusa, ya shimfiɗa rigar. Kyari ya sa hannu ya shafa ƙirjinta, ya yi murmushi.

"Inci ukun nan naka ne."

"Ka sani?"

"Shekara nawa kana min ɗinki? Ina ganin hannunka yana matsar da alli kafin ka ja layi. Da mun zauna a shagonka, shi za mu fara sa wa a ciki."

Hambali ya ninke rigar. "Kyari, ka yafe ni. Ba don riga na zo ba."

"Don riga ka zo, tela. Amma ka zo." Ya yi tari, ya huta. "Na yafe, ni ma ka yafe ni. Chidinma, nawa ne shi yanzu?"

"Na goma sha uku, Malam. Ba mu cire shi ba."

"Ko yanzu ba za ka sa ni gaba ba?"

"Ko yanzu."

Su uku suka yi dariya, har Hajiya Zaituna ta leƙo. Hambali ya tambayi Chidinma ko za ta kira mai kuɗin Abuja tunda aiki zai yi mata yawa. Ta girgiza kai. Ta ce Ruwaida, babbar 'yar Malam, ta gama karatu ta shigo aikin, tana koyon zaman shago. Huɗu a wata za su ci gaba da ɗauka, in sun gaji su koma uku.

Kwana goma sha ɗaya Hambali ya samu. Kullum bayan la'asar yana nan, yana matsa masa ƙafa, suna musun wanda ya fi wani tsufa. Ranar wata Talata da hantsi, Kyari ya nemi a juyar da shi ɓarin dama, ya yi kalmar shahada a hankali, ya cika.

Asarar Hambali ba ta da wuyar ƙirgawa: shadda goma sha huɗu, kwastomomi biyar da ba su sake dawowa ba, da wata bakwai na zama da maƙwabcin da ba a samun irinsa. Shadda ana sayen wata, kwastoma ana samun wani. Na ukun ne bai da madadi.

Da aka kawo farin yadi ana tambayar wa zai ɗinka likkafani, Hambali ya karɓa. Ya koma shago ya buɗe ƙofa ɗaya. Mutane na ta shimfiɗa tabarmi a layi, Chidinma da mahaifinta na tsaye daga gefe a inuwar katanga, ta yafa gyale. Hambali ya zare baƙin zaren da ke kan keke, ya sa fari, ya daidaita bakin yadin a ƙarƙashin allura, ya fara takawa a hankali.