Jirgin Awo a Saman Rurum

Tun ɗan jirgin nan mara matuƙi yana cikin akwati Sharu ya ji bai kwanta masa ba. Shekara ashirin yana shugabantar magina a wani kamfanin gine-gine, igiya da turke ya sani wajen awon fili, kuma ba su taɓa ba shi kunya ba. Yau ga wani abu kamar fanka mai ƙafafu, wai shi zai auna filin asibitin da za a gina a Rurum Tsohon Gari.

Mutanen gari kuwa ba awon ne ya dame su ba. A nan, ko indararo mutum zai hau gyarawa, sai ya aika gidajen maƙwabta mata su kimtsa. Shi wannan abin wa zai aika?

Mai unguwa ya kira Sharu gaban dattawa. "Kai ɗan gari ne, kai ka shigo mana da su. Abin nan yana leƙa gidaje?"

"Injiniya ya ce ƙasa kawai yake karantawa, ranka ya daɗe. Na ɗauki alhakin."

Ya dai faɗa. A garin nan ba shi da wata kadara da ta wuce maganarsa, ga shi ya jingina ta da bakin injiniyan, yaron da ya zo daga Kano shekaranjiya.

Da hantsi jirgin ya tashi yana ƙugi. Injiniya Zulkifilu ya kafa wa allon hannunsa ido, yana ta murmushi. Murmushin ne ya ƙara tsorata Sharu. Me ke cikin ƙasa da zai ba mutum dariya?

"Injiniya, in gani mana."

"Zo, Baba, ka sha mamaki. Aikin sati guda ne a minti goma!"

Ga filin nan tsaf, har kututturen ɗorawa. Sharu ya sa yatsa a gefen allon. "Nan fa? Jawo min shi."

Zulkifilu ya jawo da alfahari, ko a jikinsa. Tsakar gidan mai unguwa ta bayyana, har igiyar shanya. Bayanta gidan Sharu ne. Ga tsohuwarsa, Hajiya Asibi, tana shanya kuɓewa, kai ba ɗankwali, furfurar da shi kansa rabonsa da ganinta an daɗe. Kunya ta rufe shi, sannan baƙin ciki.

"Goge."

"Ai ya riga ya tafi ofishinmu na Kano, Baba. Kada ka damu, ba mai kallon gefe. Kuma don Allah kada ka tayar mana da gari, aikin ka san na mu duka ne."

Sharu ya cire hular kwano ya ajiye a kan bulo, ya nufi inuwar da dattawa ke jira.

"Sharu, yaya?" in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ba gaskiya na faɗa muku ba. Yana gani. Har cikin gidanka."