Kuɗin Idona

Shekara da shekaru ina ɗinki ban taɓa neman wani ya zura mini zare a allura ba, sai da wannan tsinanniyar yanar ta rufe mini idon dama. Da farko na ɗauka ƙurar yadi ce. Na yi ta murza ido, na yi ta ɗiga magani, na sauya ƙwan fitilar shago, har na zagi mai sayar da ƙwan a banza, bawan Allah. Da na gaji na je asibitin ido, likita ya leƙa da 'yar fitilarsa ya ce yanar ido ce, kuma na hagun ma ya fara bin sahu. Ya ce aikin ba wani babba ba ne, a cire yanar yau, gobe in ga duniya tar. Amma ya ja mini kunne kada in bari ta ƙosa, don in ta yi tauri aikin ya fi wuya. Ya faɗi kuɗin. Na fito ina lissafi a raina, na ga in na matse bakin aljihuna 'yan watanni zan haɗa.

Ban haɗa ba. Kuma ba don ba na samu ba ne, Allah na gani, keken ɗinkin nan nawa ba ya hutawa. Matsalar daga waya ta fito. Matan da nake yi wa ɗinki yawancinsu sun daina riƙe kuɗi a hannu, sai dai su turo ta banki. Wayar ta yi ƙara, ni kuwa rubutun nan ƙanana sun zame mini kamar tururuwa a cikin ruwa. Sai in miƙa wa duk wanda ke kusa in ce ya duba mini ko ya shigo. To banki ba ya rufa wa mutum asiri. In ya gaya maka abin da ya shigo, sai ya ƙara da abin da ke cikin asusun gaba ɗaya, kamar wanda aka tambaye shi.

Tun rasuwar mijina na koma gidanmu, muna zaune ni da Inna da ƙanena Auta da matarsa da yaransu. Auta babur gare shi, yana kai wa mutane saƙo da kaya. Shi ne ya fi kowa karanta mini saƙon bankin, sai matarsa in ba ya nan. Ku ji ni da kyau, ba wanda ya taɓa ɗaukar mini ko sisi. Roƙa suke yi, ni kuma in bayar. Yau tayar babur ta suɗe, gobe an koro yara daga makaranta, jibi wayar matar Auta ta faɗa bokitin wanki. Inna ma ba a bar ta a baya ba, kullum da wata 'yar uwarta da ke kwance ba lafiya. In na buɗe baki zan ce babu, sai a riga ni: ai akwai a ciki, Yaya, mun gani ɗazu. Ta yaya za ka ce wa mutum babu alhali shi ya karanta maka akwai? Haka kuɗin idona ya yi ta zirarewa, ina ji ina gani, ko da yake ganin ma ba sosai ba.

Ranar da allurar keke ta huda mini yatsa, ta shiga ta farce ta fito ta ƙasa, ranar hankalina ya dawo jikina. Ban ma ga yatsan yana shiga ƙarƙashinta ba. Maƙwabciyata Mai Wanki, wadda shagonta ke manne da nawa, ita ta juya keken a hankali ta zare allurar, tana ta sannu ina ta huci. Ba zafin ne ya fi ba ni haushi ba. Haushin kaina nake ji, mace da girmana da sana'ata, na zauna ina biyan tayar wani idona yana mutuwa.

Da yatsan ya lafa na koma asibitin in sake jin kuɗin aikin. Ya ƙaru. Na tsaya gaban tagar biyan kuɗi na fara masifa, ina ce musu ko ido ma ya zama kayan kasuwa. Matar da ke karɓar kuɗin, wata doguwa mai tabarau da ba ta da saurin fushi, ta bar ni na gama tas, sannan ta tambaye ni ko na san ana biya kaɗan-kaɗan. Ta ce in na fara ajiyewa a wurinsu, farashin ranar da na fara shi za a riƙe mini, in ya cika a sa mini rana. Na tambaye ta ko wayata za ta yi ƙara in na biya. Ta yi dariya ta ce takarda kawai za ta ba ni. Nan take na kwance bakin gyalena na ba ta abin da ke ciki, ko kuɗin motar komawa ban rage ba. Da ƙafa na koma shago.

Daga ranar na sauya tsari. Na gaya wa masu kawo ɗinki cewa kuɗi a hannu nake so, wadda ba ta da shi ta tsallaka titi ta ciro. Wasu sun yi gunaguni, wata ma ta ce na koma zamanin da. Oho dai. Kullum kafin rana ta faɗi sai in rufe shago, in ware na zare da allura, in ware na haya, in ware na cefanen Inna, saura kuwa in bi doguwar hanya ta asibiti in ajiye shi a tagar nan kafin in isa gida. Na riga na san halin gidanmu, kuɗin da ya shiga cikinsa ba ya kwana. Wata rana abin da zan kai ɗin bai fi kuɗin lemon kwalba ba, amma sai na kai. Mai tabarau har ta saba da ni, tana hango ni sai ta ce ga surukarsu ta iso da kayan gaisuwa. Na daina hawa mota in ba ruwa ake yi ba. Na daina sayen gyale don kawai na ga launinsa ya yi mini, launin da ma ba na gani da kyau.

A gida kuwa iska ta sauya. Waya ta yi shiru, ba mai karanta komai. Matar Auta ta fara gaishe ni da hanci. Auta ya tambaye ni ko kasuwa ce ta mutu, na ce masa kasuwa lafiyarta lau, kuɗin ne ya sami wurin kwana. Na gaya musu gaskiya, ban ɓoye ba, na ce ina biyan aikin idona ne a asibiti. Inna ta ce Allah ya taimaka, amma yadda ta faɗe shi ban ji daɗinsa ba. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba. Mutanen da na yi shekaru ina ɗauke wa nauyi ne suka koma yi mini kallon marowaciya.

Saura ƙiris kuɗin ya cika, injin babur ɗin Auta ya buga. Wannan karon ba ƙarya ba ce, ba kuma ƙarin gishiri, ni kaina na ji lokacin da ya turo shi cikin gida yana haki. Makanike ya ce sai an sauya injin. Kwana biyu Auta bai ce mini komai ba. Ashe ya je asibitin ya yi tambaya, an gaya masa muddin ba a sa ranar aiki ba, mai kuɗi na iya karɓar abinta. Da hantsi ina cikin yanka wani yadi sai ga shi a ƙofar shago, kuma bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da Inna, Innar da ƙafarta ba ta barinta ta je ko bakin titi. Na ba ta kujera, na ajiye almakashi. Tun kafin su yi magana na san abin da ya kawo su.

Auta ya daɗe yana zagaye-zagaye. Ya ce babur ɗin shi ne cinsu, shi ne shansu. Ya ce aro yake nema, da ya hau titi zai mayar mini. Ya ce ai ido ɗaya yana gani, 'yan watanni ba za su kashe ni ba. Inna ta karɓa ta ce ɗan uwana ne, ciki ɗaya muka fito, wa yake da shi in ba ni ba. Wallahi na ji tausayinsu har cikin ƙashina, saura kaɗan in ce to, kamar yadda na saba cewa.

"Auta, ba zan ciro shi ba," na ce.

"Yaya, yara fa? Me za su ci?"

"Tukunyar gida tana wuyana har ka miƙe. Yaranka ba za su kwana da yunwa ba ina raye. Amma kuɗin can na idona ne. In na makance, kai za ka hau keken nan?"

Inna ta ce, "Yanzu ni za ki mayar da hannu biyu?"

"Ki yafe mini, Inna. Abincin da kike ci daga idon nan yake fitowa. Shi nake so in ceto."

Auta ya kama hannun Inna suka fita a hankali. Na zauna, na kasa ko ɗaga almakashi. Mai Wanki ta leƙo ta ajiye mini ruwa a kofi, ba ta tambaye ni komai ba, don bangon da ke tsakaninmu ba ya riƙe magana. Da yamma na rufe shago na bi hanyata ta asibiti kamar kullum.

Mako bai zagayo ba kuɗin ya cika, aka sa mini rana. Asibiti sun ce in zo da wanda zai riƙe ni in an gama. Na faɗa a gida kowa yana ji. Da safiyar ranar Auta ya fita tun kafin in tashi, ya tafi neman aikin dako a kasuwa, matarsa kuma kanta ya fara ciwo. Mai Wanki ce ta rufe shagonta ta raka ni. Aikin da na yi ta jin tsoronsa bai kai tsawon ɗinka hannun riga ba. Aka manna mini bandeji, aka ce in dawo da safe.

Da nas ta ɓare bandejin, hasken ya daki idona har na runtse. Da na buɗe sai na ga layin da ke jikin tafin hannuna, na ga tabon allurar a farcena, na ga ashe gyalen da na yi shekara ina cewa baƙi ne shuɗi ne. Na tsaya a tagar biyan kuɗi in yi godiya, na tarar mai tabarau yarinya ce ɗanya shakaf, ni da nake ce mata Hajiya. Likita ya ce kada in taɓa keke sai ya ba ni izini, kada in sunkuya, kada in murza idon. Na ce to. Amma na matsa wa Mai Wanki sai mun biya ta shago, ko da ƙofar ce in gani.

Na buɗe na shiga. Rigunan da na gama suna rataye a bango suna jiran masu su. Na ɗauko ta farko, wata doguwar riga mai ruwan ganye da na yi alfahari da ita, na juya cikinta. Ɗinkin ya tafi a karkace kamar sawun maye. Kalmasar gefe ɗaya ta fi ɗaya faɗi, zaren ma ba launin yadin ba ne. Na ɗauko ta biyu, wuyanta ya zame gefe. Ta uku ban ma ƙarasa dubawa ba. Ni da a da ake kawo mini ɗinkin wasu teloli in gyara.

Na juya na kalli Mai Wanki, na tambaye ta tun yaushe. Ta kawar da kai tana wasa da bakin zanenta. Da ƙyar ta ce an kwana biyu. Ta ce wasu sukan karɓa su yi godiya, su wuce da ita wurin telan bayan layi ya gyara musu. Wasu kuma da nake cewa sun yi tafiya, ba inda suka je, daina zuwa suka yi. Ba wadda ta iya gaya mini, kunya suke ji.

Na zauna a kan kujerar keke. Kunya ta rufe ni, ga hawaye ga ido sabo da aka hana ni gogewa. Da na ba Auta kuɗin nan, da haka zan ci gaba da ɓata wa mutane yadi ina karɓar godiya, har ranar da zan buɗe shago in wuni ba wanda ya leƙo, kuma ba zan san dalili ba.

Na sa Mai Wanki ta sauko da rigunan duka muka zuba a babbar jaka. Sannan na ɗauko wayata, na nemo lambar mai koriyar rigar da kaina, ban miƙa wa kowa ba. Ta ɗauka da fara'a tana yi mini ya jiki, ta ce da ma anjima za ta aiko a karɓa.

"Kada ki aiko," na ce. "Rigarki ba ta yi ba, yau na gan ta. Ki ba ni lokaci likita ya sake ni, zan farke ta in ɗinka miki daga farko. Ba za ki ƙara ko sisi ba."