Rigar da Ke Dawowa

"Ki juya ta ciki waje, Auta. Ba a kallon riga ta gaba."

"Na juya, Yaya. Juyawar ce ta nuna mini."

Yayarta ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki. Tun da yaƙi ya lashe wutar lantarki masana'antar ta koma kekunan ƙafa, da ya lashe auduga kuma aka daina kawo sabon yadi. Yanzu buhunan kakin soja ake jibge musu daga bakin daga, wankin ruwa zalla, don sabulu ya zama labari. Su toshe ramukan harsashi, su mayar da maɓalli, a raba wa sababbin ɗauka. Matan sun kafa wa kansu doka: a juya riga kafin a taɓa ta, don kada ido ya ga siffar mutum a cikinta.

Auta ta shimfiɗa rigar a gwiwa.

"Facin kafaɗar nan nawa ne. Na haƙarƙarin ma nawa ne. Kin san ɗinkin bahaguwa, baya-baya yake tafiya."

Tsakanin tsofaffin facin akwai sabon rami, daidai ƙirji, bakinsa a ƙone.

"To, rigar sonki take yi," in ji Yaya. "Nawa mijin ko maɓallinsa bai dawo ba, ke har ziyara ake kawo miki."

Matar da ke keken kusa ta fara dariya, sai ta katse ta.

Auta ba ta ji su ba. Gani take yi kamar mazan da suka mutu a cikin rigar suna tsaye a bayanta, a jere kamar masu layin burodi, ba fushi a fuskarsu, suna jira kawai su ga wanda za ta ɗinka wa. Ƙaramar riga ce, ta siririn mutum. Mijinta malamin makaranta ne, siriri kamar alli, har yanzu kunya yake ji idan ta kalle shi yana cin abinci. An kira shi aikin soja. Gobe zai karɓi kaki, kuma daga buhunan ɗakin nan za a raba.

"Shi za a ba, Yaya. Jikina ya faɗa mini."

"Jikinki yunwa yake ji. In kin ajiye ta ma wata za a ba shi, ita ma da nata ramin." Yaya ta sassauta murya. "Wadda ba ta gama tulin rigunanta ba, ba ta da burodin yamma, kin sani. 'Ya'yana da Inna da me za su kwana? Ki rufe ido ki taka keken nan, don Allah."

Daga titi wani gunji ya taso, ya fara girgiza gilashin taga. Matan layin burodi ne, waɗanda aka ce wa fulawa ta ƙare, sun haɗu da ma'aikatan jirgin ƙasa da suka ajiye aiki. Suna wucewa suna kiran matan ɗinki su fito. Mai kula da ɗakin ya je ya tsaya a bakin ƙofa, mabuɗi a hannu, amma bai saka shi ba. Shi ma ɗansa na bakin daga.

Kekunan suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

"Akwai sojoji a kan gada," in ji Yaya. "Harbi za su yi, ƙanwata."

"Da rigunanmu a jikinsu?"

Hawaye ya gangaro wa Yaya, ba ta share ba.

Auta ta zare allura ta soke a kan tulin. Ta miƙe, ta mayar da rigar gabanta waje, ta ɗaga ta sama har hasken taga ya ratso ta ramin.

"Ki yafe mini burodin yau, Yaya. Ba zan toshe wannan ba. Da raminta zan fita da ita, gari duka ya gani."